Yaran da Ke Cikin Kaset

Tun da na dawo daga Nijar abokai ba su bar ni na huta ba. A majalisarmu ta ƙofar shagon tela a Runjin Sambo tambaya ɗaya ce, a ɗakin malamai ma ita ce: me na gano a can, kuma ina muryoyin yaran da na cika baki zan ɗauko? Kullum nakan ce hanya ce ba ta da kyau, in kawo wata magana. To, na gaji da kauce-kauce. Ga yadda aka yi, tun daga farko.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Shehu, ina koyar da Turanci a wata kwalejin horon malamai a nan Sakkwato. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa aka gina mana ɗakin koyon harshe. Kowane ɗalibi da ɗan akurkinsa na katako, da rikoda, da abin sawa a kunne. Kaset-kaset ɗin da suka zo da kayan muryar Turawa ce zalla, suna magana ta hanci, ɗalibanmu ba sa kama ko rabi. Sai na fara yin nawa. In faɗi jimla da Turanci, in fassara da Hausa, in yi tambaya, in yi shiru in bar gurbi don mai sauraro ya amsa, sannan in ce madalla, ko ya amsa ko bai amsa ba. Jimlolin kuwa daga littafin Turawan na kwaso su yadda suke.

Kawuna Alhaji Maidamma, ƙanen mahaifiyata, fataucin atamfa yake yi zuwa Tawa. Shi ya roƙi wasu kaset ɗin ya kai wa wani malamin makaranta a Tungar Sabo, ƙauyen da yakan yada zango, ana ce masa Mushe Isuhu. Can a Nijar mushe suke ce wa malamin boko, makaranta kuma lakkwal. Bayan wani lokaci saƙo ya zo ta bakin Kawu cewa yara sun iya, in zo in ji da kunnena. Na yi ta ɗagawa. Sai da manyanmu suka fara shawarar ko za a kai wannan tsari makarantun firamare, na tuna da saƙon. Na ce a raina, in na ɗauko muryar 'yan ƙauye suna Turanci, a ƙasar da ma Faransanci ake yi, ba wanda zai yi mini gardama a taron. Na nemi izini, na ari rikodar kwaleji, na sayi kwalin batir. Kawu ya ce ya daɗe bai bi ta can ba tun da fari ya yi tsanani, kuma ƙasar ba yadda ya bar ta take ba. Na ji, amma ban saurara ba.

Na shiga akori-kura zuwa Illela, rikoda a kan cinyata kamar jariri. Tun daga Gwadabawa na lura da wani abu. Duk wanda muka gamu da shi kudu ya nufa: mata da tabarmi a ka, Buzaye ba raƙumi, tsofaffi a kan jakuna. Mu kaɗai muka fuskanci arewa. A motar ba mai hira. Wani mai goro da ke kusa da ni ya tambayi inda za ni, da na faɗa masa sai ya dube ni, ya dubi rikodar, ya ba ni goro bai karɓi ko kwabo ba.

A kan iyaka na sha dariyar kaina. Namu jami'an ba su tsayar da ni ba. Da muka isa wajen na Nijar, wanda suke kira duwan, sai muka tarar an rufe, wai lokacin hutun rana ne, ba a buɗewa sai wajen la'asar. Mu nan ofis yakan tashi gaba ɗaya, su kuwa raba yini suke yi biyu, su je su yi barci su dawo. Da aka buɗe, wani jandarma mai gajeren wando ya ɗaga rikodar yana jujjuyawa. Na yi masa Turanci, ya mayar mini da Faransanci, muka yi ta ɗaga wa juna murya, sai da ya yi tsaki ya zage ni da Hausa muka gane juna. Ashe uwarsa 'yar Wurno ce. Ya ce sai ya ga abin yana aiki. Kafin in hana shi ya danna jan maɓalli, ya yi gyaran murya, ya faɗi sunansa da muƙaminsa a kan darasina na farko. Da na mayar masa ya ji kansa, ya yi baya da sauri ya nemi tsari, sannan ya ce in sake sawa. Ya buga mini hatimi yana murna.

A Kwanni na sauka gidan Malam Tanko, mai masaukin Kawu. Na yi sallama daga zaure. Yana alwala, sai ya tsaya da buta a hannu, ruwa yana zuba a ƙasa. Ya ce in sake magana. Na sake sallama.

"Kai ne na cikin akwati," in ji shi.

Ashe Mushe Isuhu ya taɓa kwana gidan da rikodarsa, ya sa musu darasi suka ji. Yaran gidan suka leƙo suna kallon bakina, ba wanda ya matso. Na saba a san ni da fuska. Ban taɓa shiga inda muryata ta riga ni sauka ba, kuma ban ji daɗin abin ba.

An kawo mana tuwon jar dawa ta taimako, ja wur, yana warin buhu, da miyar kuka ba mai. Da safe kuma dogon burodinsu mai ɓawo, wanda ke yanka dasashi, a tsoma cikin kwanon kafe. Mu da shayi muka saba, su kafe Faransawa suka bar musu. Malam Tanko ya yi ta ba ni haƙuri a kan abincin, sannan ya zo kan maganar da ke cinsa. Ya ce Tungar Sabo ta watse. Yunwa ta kori mutane, ƙyanda ta bi yara. Ya ce in koma gida. Na tambaye shi Mushe fa? Ya ce ba wanda ya gan shi ya fito. Ya rage murya, ya ce masu wucewa da hantsi suna jin yara suna karatu a garin, aji guda cur, alhali ko kaza babu. Shi ya sa direbobi suka daina ratsawa.

Na ce masa wannan ai shaida ce cewa akwai sauran mutane. Ya ce Allah ya sa.

Na sami wuri a bayan wata babbar mota mai kai hatsin taimako Tawa. Hanyar tana da ƙyaƙƙyara kamar allon wanki, haƙora suna haɗuwa. Gefe da gefe mushen shanu ne, sun bushe da fatarsu, wasu a durƙushe kamar za su tashi. Abin da ya fi damuna shi ne ban ga ungulu ko ɗaya ba. A mararrabar Tungar Sabo direba ya tsaya, bai kashe mota ba. Na roƙe shi ya shigar da ni, ya girgiza kai, yaran motar suka miƙo mini kwalina. Na kwana a wata rumfa a nan mararrabar tare da wani tsohon Buzu mai jaki, wanda ya yarda zai ɗaukar mini kaya da safe. Ba ya jin Hausa sosai, ni ba na jin yarensa. Muka yi ta tafiya cikin rairayi, ƙarangiya tana cika mini ƙafar wando. Da muka iso wata busasshiyar rijiya ya sauke kayan, ya nuna mini bukkoki can gaba da sandarsa, ya juya jakinsa. Na kira shi, bai waiwayo ba.

Na shiga garin da hantsi. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da kunne ke jira a wannan lokaci: daka, kukan akuya, wata tana kiran ɗanta. Babu. An toshe ƙofofi da ƙaya. Rumbuna a buɗe, an cire musu hula. A wani gida na ga turmi a kife, da takalmin yaro wari ɗaya. Na yi sallama a bakin masallaci, na ji muryata ta yi ƙarami.

Sai na ji wani namiji yana gaisuwa da Turanci daga can ƙarshen gari. Muryar mai kauri ce, tana jan kalmomi kamar ta tsoho mai ciwo. Na tsaya. Ya ce ina kwana yara. Ya fassara da Hausa, da irin harshenmu na Sakkwato. A nan na gane ni ne. Kafin in motsa sai yara suka amsa, da yawa, baki ɗaya, su ma muryarsu a jaye.

Gaskiya murna na fara yi. Na ce to ga su, mutanen Kwanni tsoro ne kawai. Na ɗauki kwalina na yi sauri. Makarantar ɗaki ɗaya ce ta ƙasa, da rufin kwano. Na leƙa ta taga.

Bencuna a jere, an share ƙasa tas. Ba kowa a kansu. A gaban allo wani mutum yana zaune, ramamme ƙwarai, cikin rigar kaki wankakkiya, da alli a hannu. Rikoda tana kan tebur. Ya gan ni, bai razana ba. Ya ɗaga mini hannu alamar in dakata, yadda malami ke yi wa baƙon da ya zo ana tsakiyar darasi. Ni kuma na dakata. Ban san abin da ya hana ƙafafuna gudu ba.

Muryata ta tambaya da Turanci, me kuka ci yau da safe? Ajin da ba kowa ya amsa: na ci burodi da ƙwai, na sha shayi da madara, na ƙoshi. Da suka gama, wata 'yar siririyar murya ta biyo baya ita kaɗai, ta makara, tana ƙarasa jimlar. Sai na ji kaina na ce madalla.

Sai da kaset ya ƙare ya tashi, ya goge allo, ya fito ya ba ni hannu. Ya ce, "Malam Shehu, ka zaka. Mun daɗe muna jiranka." Ban tambaye shi su wa da wa ba.

Muka zauna a inuwar ɗakin ya ba ni labari, a hankali, yana hutawa. Ya ce aikinsa Faransanci ne, Turancin na bayan an tashi ne. Iyayen yaran duk 'yan cin rani ne, Najeriya suke zuwa dako da gadi, su suka roƙe shi ya koya wa 'ya'yansu harshen da za a ɗauke su aiki da shi. Shi kansa daga kaset ɗina ya koya, shi ya sa in ya yi Turanci nake jin kamar ni ke magana. Da yaran suka ƙware, sai dabara ta zo masa. Duk inda na bar gurbi, sai ya danna jan maɓalli su amsa a ciki, ya tsayar kafin madalla ta zo. Ya yi haka ne don su ji kansu su gyara. A kaset ɗaya kawai ya samu ya yi, kafin abubuwa su lalace.

Na tambaye shi ina yaran. Ya ce wasu sun bi iyayensu kudu. Sauran ya nuna mini bayan makaranta da haɓarsa. Na ga 'yan tudun ƙasa a jere, an ɗora musu ƙaya saboda kuraye. Mai siririyar muryar nan da ke makara ɗiyarsa ce, Mariyama. Ba ta isa shiga aji ba, biyo shi take yi ta zauna a baya. Uwarta Habsu ta bi 'yan'uwanta zuwa Sakkwato bayan an rufe yarinyar. Shi ya ce ba a aiko masa da umarnin rufe lakkwal ba, don haka yana buɗewa.

Na kasa haƙuri na tambaye shi darasin karin kumallon nan, yaya yara masu yunwa suka ji da shi. Na ɗauka zai zarge ni. Ya ce ai shi suka fi so. In ya sa wani sai su ce a mayar musu na burodi.

Ya kawo mini abin da yake ci, 'ya'yan anza da aka jiƙa aka dafa. An ce sai an yi kwanaki ana sauya musu ruwa kafin ɗacin ya fita, amma wannan ɗacin yana nan, har maƙogwaro. Na ci don kada ya ji kunya. Na fito da burodin Kwanni da kifin gwangwani, ya ci kaɗan ya ajiye saura. Sannan na buɗe masa kwalin batir. Nasa sun mutu tuntuni, shanya su yake yi a rana kullum su ɗan farfaɗo, abin da ya sa muryoyin ke ja ke nan. Ya zuba sababbi, ya danna. Muryata ta dawo daidai, yaran suka fito tar, da kaifinsu, har ana jin wani yana dariya a baya, wani yana tari. Da muryar Mariyama ta zo, Mushe ya miƙe ya fita. Ya daɗe a bayan ɗakin. Da ya dawo ya ce ya manta haka muryarta take.

Na kwana a kan benci a cikin ajin, ban yi wani barcin kirki ba. Da safe ya nuna mini zaren kaset ɗin, ya yi laushi, ya taɓa tsinkewa ya liƙe shi da ƙaro. Ya roƙe ni in kwafe shi a rikodata in kai wa Habsu. Ba mu da wayar haɗawa, sai muka kara rikodojin baki da baki, muka rufe ƙofa da taga, muka zauna ba motsi don kada numfashinmu ya shiga. Haka muka zauna mu biyu a ɗaki mai duhu da rana tsaka, ina tambaya, yara suna amsawa, ina cewa madalla. Ya hana ni zama a bencin baya. Bai faɗi dalili ba, ni ma na sani.

Na roƙe shi ya biyo ni. Na ce akwai ɗaki a gidanmu, kuma Kawu zai samo masa aiki a kasuwa ko da rubutu ne. Na ce masa anza ba za ta riƙe shi har damina ba.

Ya ce, "In ruwa ya sauka wasu za su komo, Malam. In sunka tarar da lakkwal a rufe, za su ce garin ya mutu, su wuce."

Na bar masa batir ɗin duka da abin da ya rage na guzuri. Ya raka ni har rijiya, a nan shi ma ya tsaya, ya juya ya koma makaranta. Ban yi nisa ba na ji ni a bayana ina gaida yara. Ban waiwaya ba har na kai mararraba.

Dawowa ba ta yi wuya ba, domin duk mota kudu take zuwa. Malam Tanko ya dube ni ya ce na gani? Na ce na gani. A taron manyanmu na ce na tarar an tashi daga garin, ban sami aji ba. Kaset ɗin yana aljihuna, kuma na san da na sa shi da an tafa mini, domin lafazin yaran ya fi na wasu ɗalibanmu na kwaleji. Hannuna bai iya fito da shi ba. Shi kuwa Mushe Isuhu har yau ban sami labarinsa ba. Kawu ya yi alkawarin zai ratsa in hanya ta buɗe.

Neman Habsu ya ɗauke ni lokaci. Baƙi sun cika gari, kowane kango da mutanensa. Wani abokin Kawu mai sayar da hatsi ne ya ce akwai matan Tungar Sabo da ke yi masa surfe, suna zaune a wani ginin da ba a gama ba, can bayan Gidan Dahala. Na je da la'asar. Na tarar da mata suna sheƙe gero, yara suna wasa a kan tulin yashi. Na yi sallama, wani yaro ya saki abin da ke hannunsa ya tsaya ƙyam kamar an shigo aji. Aka nuna mini Habsu, doguwa, ba ta da yawan magana. Na gaya mata daga inda nake. Ta tambayi ko yana da rai, na ce na bar shi da rai. Ta tambayi ko yana cin abinci, na ce yana ci. Na ce ya ba ni saƙo, na ajiye rikodar a kan bulo na danna.

Yaran suka taru a guje. Da ajin ya amsa gaisuwa suka fashe da dariya, wannan yana cewa ga ni nan, wancan yana cewa shi ne mai tarin. Suka shiga amsawa tare da kaset ɗin. Su kaɗan ne, na cikin rikodar sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Matan ba su yi dariya ba. Sun ajiye faifansu, sun matso, kowace ta karkata kunne tana neman murya ɗaya a cikin taron. Wata tsohuwa ta toshe kunnuwanta ta shige ciki.

Aka zo darasin karin kumallo. Ajin ya amsa, ya yi shiru, 'yar muryar nan ta biyo baya ita kaɗai. Habsu ta dafa bango. Na tsayar da kaset ɗin.

"Malam," ta ce, "mi tac ce?"

Na yi tunanin in ce gaisuwa ce. Amma idonta yana kaina, kuma yaran nan duk sun san fassarar. Na ce, "Ta ce ta ci burodi da ƙwai, ta sha shayi da madara. Ta ce ta ƙoshi."

Ta daɗe tana kallon rikodar. Sannan ta gyara mayafinta, ta zauna a ƙasa kusa da bulon, ta naɗe ƙafafu.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Maido min ita, ta sake hwaɗi."